Daminar da Inna Ta Ci Kasuwa a Kwance

Tun cikin bai fito ba nake tsoron nonona ba zai ishi abin da zan haifa ba. Ba wanda ya ce mini haka. Na dai taso ina jin cewa ni da nonon akuya aka raine ni, don na mahaifiyata ya ƙafe tun ban fara zama ba, sai na ɗauka abin gado ne kamar wushirya. In na zauna tsintar wake, sai hankalina ya tafi kan akuyoyin gidan mijina, ina duba wacce za ta haihu daidai da ni. Da na haihu a gidanmu, tsofaffi suka tatsi nonon a ludayi suka jefa tururuwa, ta yi iyo ta fita da ƙafarta, aka ce lafiyayye ne. Kowa ya manta da zancen. Ni ban manta ba.

Markar bana ce ta tono mini wannan. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba, jikata ta shanya kayan ɗanta a igiya cikin ɗaki, ga hayaƙin ɗanyen itace yana shigowa daga maƙwabta. Da warin danshin nan ya buge ni, sai ga ni a ɗakin surukata, a ƙauyenmu na kusa da Ɗanzomo, a daminar da ta biyo bayan babban fari, lokacin bakinmu bai gama sabawa da kiran naira ba.

Surukata, Inna muke ce mata. Doguwa ce, mai murya. Daddawa take yi, kuma kafin ta kwanta ba ta fashin kasuwar Maigatari ran Alhamis. Tun duhun asuba za ta hau motar 'yan kasuwa da kwandonta, ta dawo da kanwa da dabino da labarin da zai ishe mu har wata Alhamis. Tana so na, ni ma ina son ta, amma daga nesa, yadda aka koya mana. Ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ko ruwa zan sha sai na fita bayan danga.

Ashe tun cikin fari tana ɓoye wani ƙulli a mamanta na hagu. Ba ta faɗa ba sai da ya fashe. Aka yi na gida, aka sha rubutu, sannan Malam, wato mijina, ya kai ta asibitin Gumel. Can aka ce sai Kano. Suka tafi suka dawo da ƙwayoyin rage zafi a ƙullin takarda da sunan ciwon: daji. An ce ya yi nisa, a koma gida a kula da ita. Tafiyar nan ta cinye tumakinmu da akuyoyinmu, aka sayar a Maigatari, ta cinye rabin ɗan geron da fari ya bar mana a rumbu. Inna 'ya'ya biyu gare ta, Malam da ƙanwarsa Laraba, ita kuma tana aure a Gagarawa da nata 'ya'yan da tata gonar. Ni kaɗai ce mace a gidan. Jinya ta faɗo kaina, ga goyo a baya.

Ruwa kuwa a shekarar kamar sama na biyan bashin bara. Yashin garinmu da ke shanye ruwa kafin ka ɗauko ƙwarya, sai ga shi ya ƙoshi har kwaɗi na kuka a bakin rijiya. Gero ya yi baƙi ƙirin don kyau, ciyawa na tsere da shi. Kowa na murna, kowa kuma cikinsa na ƙugi, don kyan gona ba ya shiga tukunya sai kaka. Mata na fita tsinko tafasa da yaɗiya da rama. Gidan da aka ji ƙarar taɓarya safe da yamma, sai a ce masu hali ne.

Ga yadda yinina yake. Da asuba in yi ta fama da jiƙaƙƙen itace, ina hurawa ina hawaye, har ruwa ya yi ɗumi. In zuba gishiri, in shiga in wanke mata ciwon a hankali, in ɗaure da tsumman tsohon zane. Tsummokaran jiya in dafa su in shanya a ɗaki, tunda ba rana. In sa garwashi a kasko da ɗan turare saboda wari. In gyara mata kwanciya, in matsar da gadon karan daga inda jinka ke yoyo. Daga nan sai fifita, don ƙudan damina ba su san girman kowa ba.

Inna ta ce hannuna ba nauyi, ta kuma hana kowa ganin ciwon. Masu dubiya daga bakin asabari suke gaisuwa. Abin da ta fi ƙi shi ne shiru. Takan ce in ɗaki ya yi tsit, ciwon sai ya ji faɗi ya miƙe ƙafa. In na yunƙura zan fita, sai in ji ta kama gefen zanena.

"Ina za ki, 'yar nan?"

"Zan duba tukunya, Inna."

"To, maza ki dawo. Bar mini angona a nan."

Angonta shi ne ɗana. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka ba ta faɗin sunan. Ni ma ba na faɗi, ɗan fari ne. Har yau da ya yi furfura ban iya ba. Laraba ce kaɗai ke kiransa Baba.

Tuwo sau ɗaya nake tuƙawa, da yamma, ɗan kaɗan. Malam na yini a gona shi kaɗai yana kokawa da ciyawa, ya dawo a gajiye. In na kwashe, sai in ga malmalar ko shi ba za ta isa ba, balle a ajiye masa ɗumame. Sai in tura masa duka, ni in kankare ƙanzo in jiƙa, in lashe muciya. In ya ce, "Kin ɗebi naki?" in ce na ɗeba. Ai na ɗeba ɗin.

Kwanukan dubiya kuwa ba su yanke ba. Mutanen garinmu, duk da halin da ake ciki, ba su bar Inna ba. Wannan ta aiko da kunu, waccan da ɗan fate, Dije Bafillatana mai kawo mana tallan nono ta ajiye ƙwaryar fura ta ƙi karɓar komai. Inna takan kurɓi ludayi ɗaya ko biyu ta kau da kai. Sauran yana nan a gabana yini guda, ina fifita, ƙamshi na shiga hancina. A ɗakin ba zan iya sha ba, tana kallo. A waje ma ban iya ba, saboda wata magana.

Gwaggo Tabawa, maƙwabciyarmu, sa'ar Inna ce kuma abokiyar faɗanta. Wata rana ta miƙo kwano ta saman asabari tana dariya ta ce, "Mai jinya dai ta huta, kwanon gari duk nata. Kafin kaka sai an faɗaɗa miki ƙofa." Wasa take yi, na sani. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na ce a raina, wato haka za a ce, ina cin rabon mara lafiya. Daga ranar, duk abin da Inna ta rage sai in juye wa yaran maƙwabta a gaban kowa, in wanke kwano in mayar.

Ba a daɗe ba abin da nake tsoro tun ina da ciki ya iso. Yaron ya kama mama ya ja ya ja, ya saki ya yi kuka, ya koma ɗayan. Zaren da aka ɗaura masa a wuyan hannu, wanda da ya nutse cikin tsoka, ya fara yawo har gwiwar hannu. Kukansa ya zama siriri. Na riƙa shafa maɗigarsa a ɓoye ina jin kamar ta faɗa. Ban haɗa abin da yunwata ba ko kaɗan. Na ce gadon ne ya zo, ga shi ba akuya ko ɗaya a gidan. Wa zan faɗa wa? Uwa ba ta nuna damuwa kan ɗan fari, sai a ce ba ta da kunya. Na kan je bayan rumbu in yi kukana gajere, in share ido da zane, in koma fifita.

Ran da Laraba ta zo, ruwa ake tun safe. Motar da ta hau ta kafe a hanya, ta ƙaraso da ƙafa, buhu a ka, zane ya manne mata. Tun daga zaure take magana.

"Ina matar Yaya? Ba a tarbar baƙi a gidan nan? Ko sai na biya kuɗin shiga?"

Tsakanina da Laraba akwai wasa, ƙanwar miji ce. Ita kaɗai ce a dangin nan nake iya buɗe baki da ita. Ta shiga ta daɗe wajen uwarta, ta fito ido ja, ta tarar da ni ina surfe a rumfa. Ta kwance yaron daga bayana ta ɗaga shi sama, sai na ga dariyarta ta tsaya.

"Baba, kai ne ka koma kamar faifai? Ina kumatun da na bari?"

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta sa yatsa a ɗaurin zanena ta ja, ya tafi kamar ba mutum a ciki. Na so in ba ta amsa irin ta wasa, amma da na ɗaga taɓarya sai gari ya yi duhu, na ji ni zaune a ƙasa, turmi na juyawa.

"Me kika ci yau?"

"Na ci."

"Ban ce kin ci ko ba ki ci ba. Me kika ci?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce jiya fa. Na hau tsince geron da ya zube.

Daidai nan Malam ya shigo da fartanya a kafaɗa, ruwa ya koro shi. Laraba ba ta bari ya ajiye ba. Ta ja shi har bakin ɗakin Inna, ta ɗage asabari, ni kuma ta zaunar da ni a dokin ƙofa kamar an kawo ƙara.

"Yaya, yaushe rabonka da ganin matarka ta kai loma baki?"

"Ni ina zan gani? Ai ba ta ci a gabana."

"To me take ci?"

"Na dubiya mana. Kullum ina ganin kwanuka na shiga. Har nakan ce gara ita."

Inna daga kwance ta ce, "Wane na dubiya? Na dubiya 'ya'yan Tabawa da jikokinta ke sha, ina jin su suna sa albarka. Ni ce nake tuwonku take ci in ta fita."

"Tuwon da ni ma..." Malam ya tsaya. Ya dubi akushinsa da ke kife a rumfa, ya dube ni, ya sauke fartanyar a hankali kamar mai gudun ta yi ƙara.

Yoyo na ta ɗiga a ƙwarya. Can Inna ta fara dariya. Dariya na taɓa mata ciwon, ta dafe gefen tana yi tana cije leɓe.

"Wato gari ya ɗauka gida na ba ta, gida ya ɗauka gari na ba ta, ni kuma ina nan kwance ana kashe mini ango da yunwa a ɗakina. Laraba, miƙo furar Dije."

Aka ajiye ƙwaryar a gabana. Na ce wallahi ba zan iya ba. Inna ta ce Malam ya fita, ya fita. Na ce har yanzu ba zan iya ba, Inna, ki yi mini rai. Na yunƙura zan ɗauka in fita da ita, ta ce ba inda za ni, ta san halina, ina fita zan ga wani ɗan maƙwabta ya ba ni tausayi.

Sai ta ce Laraba ta juyar da ita. Aka juyar da ita tana fuskantar bango. Ta ja mayafi ta rufe kanta ruf.

"To, ni na tafi Maigatari. Ba na nan. Duk abin da aka yi a ɗakin nan ban gani ba."

Laraba ta toshe baki. Ni na zauna riƙe da ludayi kamar an dasa ni.

Daga cikin mayafi muryar ta fito: "Ga mu a mota. Wannan direba ba ya tsoron Allah, ya ɗora mini buhun kanwa a ƙafa. Bawan Allah, matsa da akuyarka, tana cin kwandona." Ta ɗan tsaya. "Ikon Allah. Har na hango raƙuma, amma ban ji ƙarar ludayi daga gida ba."

Na kurɓa. Tsamin nonon ya bi ta kunnuwana, hawaye suka zubo cikin ƙwaryar. Na sake kurɓa. Inna ta shiga kasuwa, ta baje daddawa, wani mutumin Damagaram mai rawani ya zo yana taya mata da sefa, kuɗin Nijar, tana kwaikwayon muryarsa, tana ce masa da guntun Faransancin kasuwa, inda mushe ke nufin yallaɓai, kado kuma kyauta, "Haba mushe, kai da za ka yi mini kado, kai ne mai neman ragi?" Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, fura ta bi ta hanci, Laraba na bubbuga mini baya. Da ta ji ludayi na kankarar gindin ƙwarya sai ta yaye mayafi ta ce, "Wash, na dawo. Kasuwa ba daɗi yau. Me aka yi a bayana?"

Laraba ta ce, "Ba komai, Inna. Ɓera ne ya shanye miki fura."

"Allah ya ƙara masa ƙiba."

Laraba ba ta tsaya nan ba. Washegari ta yafa gyale ta bi gidajen unguwa, ta ce musu yadda ake gayyar noma haka za a yi gayyar jinya, don mutum ɗaya ba ya nome wannan gonar. Ba wanda ke da abin kirki, amma kowa ya kawo abin da yake da shi. Wata ta ɗauke mini dakan yamma. Wata ta karɓi wankin tsumma. Mai kwaɗon tafasa ta riƙa aiko da shi a ƙaramin kwano daban, tana cewa a bakin ƙofa da ƙarfi, "Wannan na mai jinya ne," don kada a yi gardama. Dije ta ƙara ludayin kindirmo, ta ce da hausarta mai daɗi, na ɗan yaro ne, amma ta bakin uwarsa zai bi.

Gwaggo Tabawa da ta ji maganarta ce ta jawo, ta zo har rumfa ta riƙe haɓa. "Ke yanzu duk abin da bakin nan nawa ya faɗa sai ki ɗauka? Ni da mijina ma bai taɓa ɗauka ba?" Ta dama mini kunun kanwa da hannunta, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Sannan ta ɗage asabarin Inna ba sallama ta shiga. Inna ta ce ta fita. Ta ce ba za ta fita ba, tare aka yi musu kitson farko, wane abu ne a jikinta ba ta sani ba. Daga ranar ita ke zama da Inna da hantsi, suna faɗa kan wadda ta fi iya daddawa da wata tsohuwar rigimar kaza, ɗaki ba ya samun shirun da ciwo zai miƙe ƙafa.

Gwaggo Tabawa ce kuma ta fara yi mini wata tambaya da ba a taɓa yi mini ba tun da Inna ta kwanta. Kowa in ya zo cewa yake, ya mai jiki. Ita ta gama tambayar mai jiki, ta juyo ta ce, "Ke fa, ya naki jikin?" Na tsaya ina lalubawa, sai na ji ashe bayana na ciwo, ashe idona na yaji.

Malam ya karɓi bayan la'asar. Yakan dawo daga gona ya wanke ƙafa, ya zauna gefen uwarsa da mafici, ni kuma a kore ni in je in kwanta. Bai iya fifita ba, Inna na ta mita wai iskarsa kamar mai korar kaji. Barcin farko da na yi a irin wannan lokaci, ruwa na sauka a jinka, yaron a gefena, har yau ban yi mai daɗinsa ba. Tuwon yamma kuma shi da kansa yake yanke malmala ya bar rabi a akushi ya turo mini.

Laraba ta koma Gagarawa, ta riƙa zuwa tana komawa. Inna kuwa kullum sai ta ci kasuwa, wata rana har sau biyu. Ranar da ciwo ya matsa, tafiyar takan yi gajarta, ta ce mota ta lalace a hanya, ta yi ta numfashi a cikin mayafi, amma ba ta yayewa sai ta ji na gama. Ranar da ta ji dama-dama, har Damagaram muke zuwa.

Ban san ranar da abin ya juyo ba. Na dai san wata safiya ina ba yaron mama a ƙofar ɗakin Inna, na ba ta baya, sai na ji wani tsiko a ƙirjina kamar ana zuba ruwan ɗumi. Yaron ya ƙware, ya saki yana tari, nono na tsartuwa a kumatunsa har cikin kunne. Ya dube ni da mamaki, ya sake cafka, ina jin ƙarar haɗiyarsa, ƙwat, ƙwat. Inna ce ta ji tarin.

"A hankali, angona. Ba mai ƙwace maka."

Gero ya nuna, aka fara gasa tumu, garin duk ya ɗauki ƙamshi. Inna ba ta iya ci, amma takan sa a murza mata a tafin hannu ta shinshina. Azumi ya kama, ta hana ni yi, ta ce malamai sun yarda mai shayarwa ta rama daga baya, ita kuma ta fi malaman yarda. Ta rasu bayan an gama ɗaurin gero, da rana tsaka, ni da Laraba da Gwaggo Tabawa muna ɗakin. A lokacin angonta ya yi nauyin da ba ta iya ɗora shi a cinya, sai dai ya rarrafo ya kama ƙafar gadon yana mata gwaranci.

Yanzu abubuwa sun sauya. Akwai kwalta har Gumel, akwai a-daidaita, akwai waya, abincin dubiya a kula mai murfi yake zuwa da zafinsa. 'Yan matan yanzu suna ci da surukansu a faranti ɗaya, ban kuma ga laifin hakan ba. Amma kwanaki da na je dubiya asibiti, na ga mata zaune a tabarmi a baranda, kowacce da buta da mafici, leɓe a bushe. Masu dubiya na tsallake su da kuloli suna shiga ciki.

Don Allah, in za ku gaida mara lafiya, ku ɗauki kwano biyu. Ku miƙa na biyun a hannun mai jinya, ku faɗa da baki cewa nata ne. In ta ce ta ci, ku tambaye ta me ta ci. Sannan ku karɓi maficin ku zauna, ku ce ta je ta kwanta.